Rariyar da ke tankaɗe iskar gas

Sinadarin propen, wanda ake yin robar bokiti da buhunan zuba hatsi da shi, yana fitowa daga matata a cakuɗe da ɗan'uwansa propan. Raba su akwai cin wuta. Propen na tafasa a digiri 48 ƙasa da sifiri, propan a 42, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa ake bi da su ta dogayen hasumiyoyi masu hawa fiye da 100, ana tafasawa ana sanyayawa. A 2016 David Sholl da Ryan Lively sun rubuta a mujallar Nature cewa rarrabe sinadarai na lashe kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na makamashin duniya.

Masana na son a koma tankaɗe, a bar tafasa. Rariyar tasu siririn tantani ce ta ƙanƙanan lu'ulu'u masu ramuka daidai wa daida, ko na ziyolait ko na MOF, wato ƙarfe da sinadaran kabon da aka sarƙa, fannin da ya ba Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta 2025.

Ɗauki ZIF-8, wani MOF mai tushen zinki. Faɗin ƙofarsa nanomita 0.34 ne, a lissafi ko propen bai kamata ya ratsa ba. Amma ƙofar tana motsi, tana buɗewa, propen ya wuce da sauri, propan ma ya samu ya saɗaɗa. A 2017 ayarin Jürgen Caro a Hanoba ta Jamus ya nuna cewa ƙarfin lantarki na sandarar da ita, tacewar ta ƙara kyau.

A ganina babbar matsalar tana tsakanin lu'ulu'un ne. Dubbansu ake tsirarwa a kan bututun tangaran, kuma duk inda biyu ba su manne ba, iska ta nan za ta bi, ba ruwanta da ƙofa. Tsaga kaɗan ta isa ta ɓata aikin. Yin tantani marar tsaga mai faɗin kwabo a ɗakin gwaji abu ne mai yiwuwa. Masana'anta kuwa dubban murabba'in mita take nema, da araha, kuma tantanin ya jure zafi da danshi. Wasu na kwaɓa lu'ulu'un cikin roba don su rage tsada, sai dai a can ma giɓi kan fito inda robar ta ƙi kama su.

A Japan an daɗe ana cire ruwa daga alkohol da tantanin ziyolait. A fagen iskar gas kuwa, har yanzu tantanin roba ke riƙe da kasuwa.