Tamoksifen: ƙwayar da ke tare ciwon daji na nono

Jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Cikin kowace ƙwaya akwai umurnin da muka gada daga iyaye, kamar littafi a rufe. Akwai kuma wasu sinadarai masu buɗe shafin da za a yi aiki da shi.

A cikin nonon mace akwai irin wannan mai buɗe shafi. Ba ya aiki sai sinadarin mata da ake kira estorojen ya manne masa, kamar yadda kwaɗo ba ya buɗuwa sai da makulli. In sun haɗu, sai ƙwaya ta sami umurnin hayayyafa. Ga mata da yawa masu ciwon daji na nono, ta wannan hanya ce ƙullutun ke girma.

Masana sun nemi magani ɗan ƙarami wanda zai iya shiga har cikin ƙwayar halitta. A shekarar 1962 wata masaniya, Dora Richardson, ta haɗa tamoksifen a Ingila. Da farko don tsarin iyali aka yi shi, amma bai dace da wannan aiki ba. A 1973 Ingila ta yarda a ba da shi ga masu ciwon nono. Shi tamoksifen makulli ne da ke shiga kwaɗo ya zauna, ba ya buɗewa, ba ya kuma barin estorojen ya shiga.

Ana shan sa kullum, sau da yawa har shekara 5 bayan aikin tiyata. Bincike ya nuna yana rage mutuwa daga wannan ciwo da kusan kashi 1 cikin 3. Amma ba kowane ciwon nono yake yi wa aiki ba, sai likita ya auna tsokar ƙullutun. Mai juna biyu ba ta shan sa, kuma ba a sayen sa wurin ƴan tebur.

Saboda haka, macen da ta ji ƙullutu a nono, ko da ba ya ciwo, ta je asibiti ba da jinkiri ba. Mu maza kuma mu ba da izini da kuɗin mota, domin ciwon da aka gano da wuri ya fi jin magani.