Tsara Launin Allon Umarni don Nazarin Hausar Arewacin Gana

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ɗalibin harshe zai mayar da allon umarni na kwamfuta mai duhun shimfiɗa, ya kuma zaɓi launukan rubutu waɗanda ba za su ɓoye masa haruffa ba. Abin da ake nufi da allon umarni shi ne tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da kalmomi kai-tsaye, wadda masana fannin ke kira taminal. An ɗauko misalan aikin daga Hausar Salaga da Yendi da Bawku, domin a nazarin wannan karin harshe harafi ɗaya kan sauya sakamakon bincike.

2.0 Launi a rubutun malaman da

Amfani da launi don sauƙaƙa karatu ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Salaga ta kasance babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja a ƙarni na 19, kuma fatake Hausawa sun zo da malamansu da littattafansu. Daga cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a 1934. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafen rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malaman arewacin ƙasar.

Wanda ya duba irin waɗannan takardu zai ga cewa sau da yawa ana rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, a sa wasula da ja. A Alƙur'anin hannu ma akan ware wa hamza ruwan ɗorawa. Wato kowane launi yana da aikinsa, kuma marubuci bai cika launuka barkatai ba. Wannan ƙa'ida ce ɗalibi zai bi a kan allonsa.

3.0 Matsalar da ake son warwarewa

A zangunan Yendi da kasuwar Bawku, Hausa harshen hulɗa ce tsakanin Dagwamba da Kusasi da Mamfurusi da Mosi da sauransu. A bakin masu magana da dama, musamman waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne, ƙ takan koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Haka kuma bambancin jinsi yakan ɓace, a ji “yarinya ya zo”. Ɗalibin da ya naɗi hira zai rubuta abin da kunnensa ya ji ne, ko da ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa. Daga nan sai ya ƙirga wuraren da mai magana ya ce ƙasa da inda ya ce kasa, ko ɗaki da daki, ko ɓata da bata.

Abin da ya raba ƙ da k a rubuce 'yar lanƙwasa ce ƙarama. Idan rubutu ya dushe a cikin duhun allo, ido zai tsallake ta, ƙidaya ta lalace, ɗalibi ya jingina wa mutanen Bawku furucin da ba nasu ba.

4.0 Yadda allon umarni ke sarrafa launi

Allunan kwamfuta na farko masu duhu ne, rubutu kore ko fari ko ruwan zuma. Na'urar VT100, wadda kamfanin DEC ya fitar a 1978, ita ta yaɗa tsarin lambobin sarrafa allo da ake kira ANSI. A wannan tsari akwai launuka 8 na asali: baƙi, ja, kore, rawaya, shuɗi, shunayya, shuɗi mai sirkin kore, da fari. Lambobi 30 zuwa 37 na launin rubutu ne, 40 zuwa 47 na shimfiɗa. Daga baya aka ƙara masu haske 8, suka zama 16.

Abin lura shi ne manhaja lamba kawai take aikawa, alal misali 31 don ja. Allon ne ke yanke irin jan da zai fito. Saboda haka sauya tsarin launi yana nufin sake cika gurabe 16 ɗin nan, tare da launin shimfiɗa da na rubutun yau da kullum.

5.0 Matakan aiki

Mataki na farko shi ne tabbatar da haruffa. A Linux ko Mac, a rubuta umarnin locale a ga ko UTF-8 ya bayyana. Sannan a zaɓi samfurin haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, kamar Noto Sans Mono. Idan ɗan akwati ya fito a gurbin harafi, samfurin ne bai da shi, kuma babu launin da zai gyara wannan.

Mataki na biyu shi ne shimfiɗa da rubutu. A GNOME Terminal ana yin haka a sashen launuka na saituna, haka ma a Windows Terminal, wanda ya fito a 2020. Fari tas a kan baƙi wuluk yana da ratar haske 21 da 1, wadda ita ce mafi girma, amma wasu masu karatu sukan ga haruffa suna yin baza-baza. Ya fi dacewa a sa shimfiɗa mai duhu-duhu da rubutu fari-fari. Tsarin Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011, yana amfani da #002b36 a matsayin shimfiɗa.

Mataki na uku shi ne auna sauran launuka. Ƙa'idar WCAG ta nemi ratar haske ta kai 4.5 da 1 ga ƙananan haruffa. Tsantsar shuɗi a kan baƙi bai kai 2.5 ba, domin ido ba ya ɗaukar haske sosai daga shuɗi. Tsantsar ja ya ɗan haura 5, amma jan da alluna da yawa ke zuwa da shi ya fi haka duhu. Rawaya kuwa ta kusa 20. Don haka a ƙara wa shuɗi da ja haske, a ware rawaya ga abin da ake nema.

Mataki na huɗu shi ne haska haruffa masu lanƙwasa. Umarnin grep yana nemo harafi ko kalma a cikin fayil, kuma a Linux ja yake sa wa abin da ya samo. Za a mayar da shi rawaya idan aka saka wannan layi a fayil ɗin .bashrc:

export GREP_COLORS='mt=01;33'

Bayan an rufe allon an sake buɗewa, sai a rubuta:

grep --color=auto -E 'ɓ|ɗ|ƙ|$' bawku.txt

Dukkan layukan hirar za su fito, kowace ɓ da ɗ da ƙ tana da launin rawaya. Kalmar da ake sa ran ganin rawaya a cikinta amma babu, nan ne ɗalibi zai koma ya sake sauraron faifai, ya tantance ko furucin mai magana ne ko kuskuren bugu.

6.0 Abubuwan kiyayewa

Kada a yi amfani da --color=always idan za a zuba sakamako a sabon fayil, domin lambobin launi za su shiga cikin matani su gurɓata ƙidaya. Na biyu, allo mai duhu ya fi amfani da dare ko a ɗaki mai ƙarancin haske. A rumfar kasuwa da tsakar rana, baƙin rubutu a kan farar shimfiɗa ya fi karantuwa, don haka yana da kyau a ajiye tsari biyu. Na uku, duhun shimfiɗa yana rage cin batir a gilashin OLED, amma a LCD fitilar baya tana kunne ko da wane launi aka sa. A ƙarshe, alluna da yawa ba sa jera ajami daidai daga dama zuwa hagu, saboda haka a gwada kafin a dogara da su.

7.0 Aikin gwaji

Ɗalibi ya rubuta hira ta minti 5 da wani mai jin Hausar Gana, ya bi matakan da ke sama, sannan ya kawo jerin kalmomin da suka riƙe lanƙwasarsu da waɗanda suka rasa ta, tare da bayanin harshen farko na mai maganar.