Bayani a Kan Yoga da Tausa, da Dalilin Gama Su

Maganarmu ta yau a kan wasu abubuwa biyu ne na kiwon lafiya waɗanda mutanen ƙasar Hindu da maƙwabtansu suka daɗe suna gamawa, watau yoga da tausa. Ita tausa kowa ya san ta, ba ta bukatar fassara. Yoga kuwa baƙuwar kalma ce. Abin da a ke nufi da ita a zamanin nan shi ne miƙe gaɓoɓi bisa wani tsari, da tsayawa a hali guda na ɗan lokaci, da jan numfashi a hankali a sake shi a hankali.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne ciwon baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aikinsu. Tela a kan kekensa, da direba a kan kujerarsa, da malamin da ya yini a kan buzu ya sunkuya bisa littafi, duk sun san shi. Mafi yawansu kuwa ba su san masa magani ba sai ƙwaya, in ta sake su ciwo ya dawo.

Asalin yoga daɗaɗɗe ne. Littafin da ya fi shahara a kanta na wani malaminsu ne mai suna Patanjali, kuma tun a ƙarni na 11 na Miladiyya Abu Raihan al-Biruni ya juya shi zuwa Larabci, sabo da haka malaman Musulmi na da can ba su jahilci labarinta ba. Amma fa wanda ya buɗe wannan littafi yana neman lanƙwashe-lanƙwashen jiki ba zai sami kome ba sai kaɗan, domin galibin maganarsa a kan tsare zuciya ne. Siffar da duniya ta sani yau, yawancinta daga birnin Mysore ta yaɗu, inda wani malami, Krishnamacharya, ya koyar da samari a shekarun 1930. Cikin almajiransa akwai ƙanen matarsa, Iyengar, yaro ne da zazzaɓin sauro da tarin fuka da taifot suka raunana tun yana ƙarami. Wannan raunanan yaron sai da ya shekara 95 a duniya, ya rasu a 2014. Shi ne ya shahara da sa wa almajiri ɗamara da katako da bargo na dogarawa, don tsoho da majinyaci su ma su sami rabonsu.

To, ina tausa ta shigo? A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Yoga aiki ne da mutum ke yi wa jikinsa da kansa. Tana ƙarfafa naman da ke riƙe da ƙashin baya da ƙugu, tana sassauta gaɓa, kuma jan numfashi a hankali yana kwantar da bugun zuciya. Aibinta shi ne ba ta da gaggawa, sai an yi makonni kafin a ga amfaninta, kuma wanda bayansa ya riga ya sanƙare ba ya ma iya sunkuyawa balle ya fara. Tausa kuwa hannun wani ne ke yi maka aikin kana kwance. Nan take ta ke saukar da ciwo, ta saki naman da ya ɗaure, ta kawo barci, har ta kai wuraren da mutum ba ya iya kai hannunsa, kamar tsakanin kafaɗu. Nata aibin shi ne ba ta ƙara wa nama ƙarfi ko kaɗan. Sauƙinta kamar aron riga ne, ran da aka daina ta sai a fara mayar wa mai ita. Ashe ke nan abin da wannan ta rasa, shi waccan ta ke da shi.

Akwai kuma wani abu da ya kan kori mai farawa. Kwana ɗaya ko biyu bayan ya yi miƙar da jikinsa bai saba ba, sai ya tashi da tsamin jiki, ya ce wannan abu bai karɓe shi ba, ya bari. Tausa tana rage wannan tsami, sai ta riƙe mutum a kan hanya har jiki ya saba.

Wannan hikima ba ta mutanen Hindu ce kaɗai ba. Ibnu Sina, a cikin littafinsa Al-Ƙanun wanda ya kammala a 1025, ya kawo babin tausa dab da babin motsa jiki, ya kuma raba ta biyu: ta shiri, wadda a ke yi kafin motsi don jiki ya ɗumama, da ta mayarwa, wadda a ke yi bayansa don gajiya ta fita. Wanda ya duba abin da a ke yi a jihar Kerala ta kudancin Hindu sai ya ce ko sun karanta babin ne. Can, samari masu koyon wasan yaƙi da a ke kira Kalari, da masu koyon rawar Kathakali, su kan tashi da asuba a lokacin damina, su shafe jiki da mai, galibi man riɗi, su yi ta tsalle da miƙa har gumi ya keto. Sa'an nan almajiri ya kwanta, malaminsa ya kama igiyar da aka rataya a sama don ya rage nauyinsa, ya bi shi da tafin ƙafa daga kafaɗa har diddige. Wannan ba yoga ba ce tsantsa, amma ƙa'idar guda ce. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a ga dattijo ya kwanta rubda-ciki ya kira jikansa ya tattaka masa baya, sai dai su can sun mai da abin ilimi mai malami da lokaci.

A ƙasar Tailan, wadda a da a ke kira Siyam, sun haɗe biyun sun zama ɗaya. A wurin ibadarsu na Wat Pho a birnin Bankok, Sarki Rama na Uku ya sa aka zana taswirar jikin mutum a kan alluna 60 na dutse tun daga 1832, masu nuna wuraren dannawa, aka kuma ƙera gumaka 80 masu nuna yadda mutum zai miƙe gaɓoɓinsa shi kaɗai. A tausarsu ba a tuɓe tufafi, ba a shafa mai. Mutum ya kwanta a kan shimfiɗa, mai tausa ya danna da babban yatsa da gwiwar hannu, ya ɗaga masa ƙafa, ya lanƙwasa shi, ya juya shi, har masu barkwanci na kiranta yogar rago. Hukumar UNESCO ta sa yoga cikin jerin al'adun da duniya ke tattali a 2016, ta sa tausar Tailan a 2019.

Likitocin zamani fa, me suka gani? A birnin Seattle na Amurka an gwada mutum 401 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka buga sakamakon a 2011. Waɗanda aka yi wa tausa sau ɗaya a mako har mako 10 sun fi sauran samun sauƙi, amma da shekara ta zagayo, fifikon ya ragu ƙwarai. A birnin Boston kuma an gwada mutum 320, yawancinsu talakawa, aka buga a 2017. Waɗanda suka yi yoga mako 12 sun sami sauƙi daidai da waɗanda suka je gashin jiki na asibiti, kuma sauƙin ya zauna har shekara. A wannan shekara ta 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawara cewa a fara da abin da ba ƙwaya ba: sabon ciwon baya a tare shi da ɗumi da tausa, wanda ya wuce mako 12 kuwa a bi shi da motsa jiki, yoga na ciki. Kada dai a zaci warkewa ce ta farat ɗaya. Sauƙi ne matsakaici. Maganar da wasu masu talla ke yi kuwa, wai tausa na fitar da dafi daga jiki, ba ta da hujja wurin likitoci.

Ba za mu wuce ba mu taɓo abin da ke ran mai karatu, watau hukuncinta, tun da yoga ta tsiro ne cikin addinin Hindu. Majalisar fatawa ta Malesiya a 2008 ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi wuridi da ibadar Hindu. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta rarrabe: wadda ke ɗauke da wuridinsu da ibadarsu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Ni dai wannan rarrabewa ta fi kwanta mini. Miƙa miƙa ce, numfashi numfashi ne, amma a nisanci kalmomin da su ke rerawa da niyyar girmama rana. Tausa kuma namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, ko tsakanin miji da mata, tare da suturce al'aura.

Saura gargaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, kada a tausa ta, domin wataƙila gudan jini ne ya toshe jijiya, in aka matsa sai ya ɓalle ya tafi huhu. Haka ba a tausa a kan karaya, ko gyambo, ko mai zazzaɓi, kuma tsohon da ƙashinsa ya yi rauni ba a taka shi. Mai hawan jini da mai hawan ruwan ido kada su yi tsayuwar da kai ke ƙasa. Mai ciki ta fara tambayar likita. Ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko rama da zazzaɓin dare, wannan na asibiti ne, a tafi ba da jinkiri ba.

Wanda ya kuɓuta daga waɗannan, in ciwo ya taso masa ya fara da tausa har ya iya sunkuyawa. Sa'an nan ya sami wanda ya iya ya nuna masa miƙa huɗu ko biyar masu sauƙi, ya riƙa yi a kan tabarma kamar minti 20 kowace safiya kafin ya karya kumallo, ya tsaya inda ya ji ja, kada ya kai inda ya ji suka. Tausa kuma ya mai da ita sau ɗaya a mako, yana ragewa gwargwadon yadda bayan ke ƙarfi.