Wa ke riƙe da mabuɗin sirrin tsaro?

Idan kai manomin tattasai ne a bakin Komadugu, ba ka manta da shekarar 2015 ba. Ranar 6 ga Fabrairu mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Bayan kwana huɗu gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da na kifi, aka taƙaita sayen takin zamani. Hukuma ta ce ta waɗannan hanyoyi ne mayaƙan ke samun kuɗi da kayan haɗa bam. Amma bayanan da ta dogara da su ba a shimfiɗa maka su ba, domin sirrin tsaro ne.

Sirrin tsaro shi ne labarin da gwamnati ke ɓoyewa don kada abokin gaba ya amfana da shi, kamar inda soja suka yi sansani, da hanyar da za su bi gobe, da sunan wanda ya tsegunta musu labari. Ɓoye irin wannan wajibi ne, don rai ake karewa. Ko dokar Nijar ta 23 ga Fabrairun 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta keɓe sirrin tsaron ƙasa. Sai dai akwatin da ke ɓoye hanyar soja yana iya ɓoye kuskuren babba, ko kuɗin da aka ci. A nan ne gardama take: wa zai duba cikin akwatin, wa kuma zai ce a buɗe?

Gwamnati takan ce ita ce ke jagorancin soja, don haka ita ta san abin da zai cutar idan ya fita. Ƴan majalisar dokoki kuwa sukan ce su ne wakilan talakawa, su ne ke amincewa da kasafin kuɗin soja, ba za su sa hannu a kan abin da ba su gani ba.

Kundin tsarin mulki na 2010 ya ba majalisa ƙarfi a wannan fage. Da izininta aka tura soja Najeriya a watan Fabrairun 2015. Dokar ta-ɓacin Diffa ma ta kwana 15 ce da farko. Majalisa ce ta tsawaita ta zuwa wata uku, aka kuma yi ta sabunta ta shekara da shekaru. Ka lura da wannan: duk lokacin da aka zo sabuntawa, ɗan majalisarka yana da damar tambayar minista ko hana tattasai ya rage hare-hare, ko kuwa talauci kawai ya ƙara. A wancan lokacin majalisar tana da kwamitin tsaro, tana kuma iya kafa kwamitin bincike. Amma iko a takarda daban, amfani da shi daban. Idan masu rinjaye a majalisa ƴan ɓangaren shugaban ƙasa ne, ba kasafai suke matsa wa gwamnatinsu ba. Sai a 2017 aka ɗage haramcin tattasai, na kifi kuwa sai 2019.

Babban misali ya zo a 2020. Bayan kisan soja 71 a Inates da 89 a Chinagodar, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sanar cewa binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya gano an ƙara farashin kayan yaƙi, wasu kayan ma an biya kuɗinsu ba a kawo ba. Rahoton farko ya ƙiyasta asarar da kimanin miliyar 76 na kuɗin sefa. Ƴan adawa da ƙungiyoyin fararen hula suka nemi a fito da komai fili, a gurfanar da masu laifi. Ranar 15 ga Maris aka yi zanga-zanga a Yamai, mutum uku suka rasu, aka kama wasu jagororin ƙungiyoyin. A ƙarshe jama'a ba daga bakin majalisa suka ji abin da ke cikin rahoton ba. Ta hannun ƴan jarida da shafukan intanet ya ɓulla. Sojan da ke gadin gadar Dutsi a Diffa, shi ma makaminsa daga wannan asusu yake fitowa.

Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka majalisar dattawa ta daɗe tana ja-in-ja da hukumar leƙen asiri ta CIA a kan rahoton azabtar da fursunoni, har a Disamban 2014 aka fitar da taƙaitaccensa, sauran dubban shafuka suka ci gaba da zama a rufe. A Faransa kuwa, tun 1998 akwai wata hukuma mai zaman kanta da ke duba takardun sirri idan alƙali ya nema, ta ba da shawara, amma minista ne ke yanke hukunci.

Yau lamarin ya sake a Nijar. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya dakatar da kundin 2010, majalisar dokoki ta rushe. A Maris 2024 sabbin shugabanni suka soke yarjejeniyar soja ta 2012 da Amurka, suna cewa an ƙulla ta ba tare da an tuntuɓi wakilan jama'a ba. A Fabrairun 2024 kuma sun fitar da dokar da ta cire sayen kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da aka saba bi. Majalisar da aka kafa a 2025 ta ba da shawara ce, naɗa mambobinta aka yi, ba zaɓe ba.