FULOGI DA WAYAR WUTA: ƊAN HAKIN DA KA RAINA

A wani gari da a ke kira Abingdon, kusa da Oxford a ƙasar Ingila, an yi shekara 18 ana ƙera wata ƙaramar mota mai suna MGB, daga 1962 zuwa 1980. Irin motocin nan ce masu kujera biyu da rufin da a ke naɗewa, waɗanda Turawa ke yi don gudu da nishaɗi, ba don ɗaukar kaya ba. An ƙera fiye da rabin miliyan, kuma har yanzu da yawa na bisa hanya. Da ita za mu kafa misali, domin injinta a fili ya ke, abin da mutum ya koya a kanta kuwa zai amfane shi ga motar fetur ko wace iri.

Sau da yawa mai mota ya kan tashi da safe ta ƙi kama wuta, ko ta riƙa cijewa a kan hawa, ga shan mai ya ƙaru. Nan da nan sai hankalinsa ya tafi ga manyan abubuwa, ya ce injin ya gaji. Alhali kuwa laifin ya kan zama na wani ɗan abu ne wanda tsawonsa bai wuce yatsa ba, watau fulogi, ko kuwa wayar da ke kai masa wuta.

Ga yadda abin ya ke. Injin MGB silinda huɗu gare shi, ko wace da fuloginta. Ƙarfin wutar batir awo 12 ne kacal, a ma'aunin da a ke kira bolt. Kwayil ke ɗaga ta har ta kai wajen 20,000, ya miƙa wa mai raba wuta, wanda makanikai ke kira dilko. Shi kuma ya aika da ita ta wayoyi huɗu, bi da bi. A bakin fulogi akwai 'yar tazara tsakanin ƙarfe biyu. Can wutar ke tsallakewa ta yi tartsatsi, ta kunna fetur da iskar da fistin ya matse. In injin na juyi 3,000 a minti, ko wane fulogi na tartsatsi sau 25 a daƙiƙa ɗaya. To, yau da gobe bakinsa ya kan cinye, tazarar ta buɗe, wutar ta kasa tsallakewa. Don haka a ka ƙayyade a sake fulogan wannan mota bayan ko wane mil 12,000.

Kada a ɗauka ƙyale abin ba ya jawo hasara. Silindar da ba ta kama wuta ba, fetur ɗinta ɗanye ya kan wanke baƙin man da ke jikin bangonta, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ƙarfe ya dinga cin ƙarfe. Wanda ya ƙi sayen fulogi yau, gobe shi zai biya kuɗin sauke inji.

Aikin ba shi da wuya, sharaɗinsa dai guda ne: ɗaya bayan ɗaya. A bar injin ya huce sarai, a kashe mota a zare makulli. A MGB fulogai da dilko duk suna gefen dama na injin. A kama hular robar da ke kan fulogi na farko, a murɗa ta kaɗan a ja. Kada a ja wayar kanta, don cikinta na iya tsinkewa ba a gani ba. Sa'an nan a hure ƙurar da ke gindin fulogin tun ba a kwance shi ba, gama ƙwayar yashin da ta faɗa cikin silinda ba ta fita sai ta yi ɓarna. A kwance da sifanar fulogi, a riƙe ta miƙe don kada tangaran ɗin ya tsage.

Tsohon fulogi ba abin jefarwa ba ne nan take. Shi ne shaidan da ya ga abin da ke faruwa cikin injin, saboda haka a jera su bisa tsarin da a ka ciro su, a dube su. In bakin ya yi launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya lau. In ya yi baƙin kunkunniya busasshe, fetur ya yi wa iska yawa. In baƙin da maiƙo ne, ringi ya cinye ko baƙin mai na zurarowa ta wajen bawul. In kuwa ya yi fari fat da 'yan ƙuraje, zafi ya yi yawa, wannan kuwa shi ya fi haɗari, don ya kan huda fistin. Yawancin motocin MGB kafireto biyu gare su, ta gaba na ciyad da silinda ta 1 da ta 2, ta baya na ciyad da ta 3 da ta 4. Ke nan in fulogai biyu na gaba kaɗai su ka yi baƙi, an san inda za a nufa.

Fulogin da a ka saba sa wa wannan mota shi ne Champion N9Y. Tazarar bakinsa a motocin farko kashi 25 ce cikin 1,000 na inci, kamar kaurin takardar rubutu shida. A auna da fallen ƙarfen awo, kada a dogara da ido. In za a gyara, ƙarfen gefe a ke lanƙwasawa, ba a taɓa na tsakiya.

Wajen ɗaurawa ne mutane su ka fi yin kuskure. A fara murɗa sabon fulogi da yatsu kawai. In ya cije tun farko, ya hau karkace ne, a dawo da shi a sake. Wanda ya tilasta masa da sifana zai cinye haƙoran ramin, aikin rabin sa'a ya zama na cire kan inji. Bayan ya zauna da hannu, a ƙara kamar rabin juyi da sifana don washarsa ta kwanta. Kan injin MGB na baƙin ƙarfe ne, yana da ɗan haƙuri. Amma irin su Mazda MX-5, wadda Japan ta fitar a 1989, nasu na alminiyam ne, mai taushi, bai yafe wa mai gaggawa.

Saura wayoyi. Zafi da mai da tsufa su kan busad da robarsu ta tsattsage, wuta ta riƙa zurarewa kafin ta isa. Mai son ya gani da idonsa ya ta da mota cikin duhu ya buɗe bonet, ya tsaya nesa da fanka, ba tare da ya taɓa kome ba. In akwai yoyo zai ga shuɗin tartsatsi na wasa a jikinsu. Wayoyin da na jan ƙarfe ne, amma suna sa rediyo ƙara, shi ya sa a ka koma ga masu cikin gawayi.

A nan ma ɗaya bayan ɗaya. A cire tsohuwa, a gwada tsawonta da sabuwa, a sa ta inda waccan ta fito, a danna har ta zauna daram, kana a taɓa ta biyu. Dalili kuwa, silindu ba su kama wuta bisa jerin ƙirga. Tsarin MGB shi ne 1, 3, 4, 2, ta 1 ita ce ta gaba kusa da lagireto, ɗan hannun da ke cikin dilko kuma yana juyawa saɓanin hannun agogo. Wanda ya tuge huɗun gaba ɗaya ya musanya biyu, motar za ta yi ta harbi kamar bindiga, ko ta ƙi tashi sam. Ko wane akawu ya san abin da ke faruwa in an zazzage fayil huɗu bisa tebur lokaci guda.

Yawancin motocin yanzu ba su da dilko ko dogayen wayoyi. Ko wane fulogi da kwayil ɗinsa a kai, wasu fulogan kuma su kan yi mil 60,000 ko fiye. Duk da haka ƙa'idar ba ta sake ba: inji mai sanyi, rami mai tsabta, farawa da yatsu. Ko da mutum ba zai riƙe sifana da kansa ba, ya tsaya kusa da makanikensa, ya ce a ajiye masa tsofaffin fulogan ya duba. Allah ya kiyashe mu a hanya, amin.