Kada Ka Yi Gaggawar Zuba Taki a Lambu

'Yan'uwa manoma, wasunmu suna kukan tumatirinsu na bayan gida yana ƙonewa, suna ɗora wa ƙwari laifi. Sau da yawa ɗanyen taki ne, musamman kashin kaji, gama yana da zafi ƙwarai.

Ka haƙa rami a inuwa, zurfinsa iya gwiwa. Ka shimfiɗa ciyawa da ganye, ka zuba kashin dabbobi, ka barbaɗa toka da 'yar ƙasa, ka yi ta maimaitawa har ya cika. Ka riƙa yayyafa ruwa, kana juyawa bayan kowane mako 3. Soka sanda ciki: in ta fito da zafi, bai nuna ba tukuna, ka haƙura. Wajen wata 3 zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar damina. Sa'an nan ka kai wa tumatir da alayyafo.