Jari Shi Ne Kai: Kalma Ɗaya Daga Kara Zuwa Kotu

Duk wanda ya taɓa zama gaban ma'aikacin banki a Maraɗi ko Garwa ko Njamena ya ji an tambaye shi: "Nawa ne kapital ɗinka?" Mu kan ce jari. To amma wannan kalma ta Nasara tana da ma'anoni da yawa, kuma da muka bi diddiginta sai muka tarar ashe daga wajen dabbobi ta ratso.

Asalinta kalmar Latin ce, caput, wato kai. Mutanen da, can ƙasashen Turai, da kawunan dabbobi suke ƙirga arzikin mutum, kamar dai yadda muke cewa a kara, "wane ya loda kai talatin zuwa Legas." Daga tushen nan ne Faransawa suka sami cheptel, kalmar da ma'aikatan kiwo ke rubuta wa garkunan ƙasa a takardunsu. Ingilishi ma suka sami cattle, shanu ke nan. Mu ma ai haka ne: in makiyayi ya ce dukiya ta tafi mashaya, kowa ya san bisashe yake nufi. Fulani kuwa jawdi suke cewa, ga dabba ga arziki. Malamanmu kuma, a babin ƙiradi, ra'asul mali suke kiran jari, wato kan dukiya. Ka ji fa, kai ya sake dawowa.

Ma'ana ta biyu ita ce babban birni, kan ƙasa, inda hukuma take zaune. Damagaram ce kapital ɗin Nijar kafin Faransawa su mai da ita Yamai a 1926.

Ta uku ita ce mai tsoratarwa. A kotu, in alƙali ya ce peine capitale, hukuncin kisa yake nufi, wato hukuncin da ke cin kai. A Faransa da injin fille kai ake zartar da shi har 1977, kafin su soke shi a 1981. Chadi ma ta soke shi a 2020.

To mene ne namu a ciki? Abu ɗaya: jari kai ne, riba gashi. Gashi ana aske shi ya sake tofowa, kai kuwa sau ɗaya ake cire shi. Da yawa cikinmu in an sauke shanu a kudu, aka damƙa mana kuɗi, sai mu haɗa uwa da riba a aljihu guda. Ba a fid da kuɗin mota ba, ba a fid da na duwan da la'adar dillali ba, sai biki ya taso, sai a ƙara aure. Wata tafiyar kai talatin sun koma ashirin, ta gaba goma sha biyu. Babu alƙalin da ya yanke wa sana'ar nan hukunci, mai ita ne ya yanke da hannunsa. Haka bashin da muke bari wajen mahauta ba takarda ba shaida, shi ma yankan jari ne a hankali.

Kuma kar a ɗauka akwai wuri ɗaya da jari ke kwana lafiya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa: faran Faransa ɗaya ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Wanda ya tara takardun kuɗi a akwati ya wayi gari rabin ƙarfinsu a waje ya tafi, mai shanu a tsaye kuwa kasuwa ta buɗe masa, don naman Turai ya yi tsada a Abijan. Amma fa a farin 1973 da na 1984, masu shanun ne suka yi kuka, garke ya kwanta a daji ba mai saye.

Saboda haka shawararmu ita ce: a rubuta uwar kuɗi daban kafin a loda, a ci daga riba kaɗai, kuma a raba jari, wani a tsaye wani a ajiye. In riba ba ta fito ba, a yi haƙuri da wannan tafiyar, kar a taɓa kai.

Allah ya tsare mana jarinmu, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.